Bawul mai gargaɗin eksire: daga bolt nawa hatsarin ke farawa?

Wani ƙanen abokina ya faɗa harkar haɗa amfilifaya irin ta da, mai bawul, wato kwalbar gilashi mai sarrafa wutar lantarki, wadda makaɗan gita da masu kunnen sauraron kiɗa har gobe ba su yarda an yi kamarta ba. Ya yi odar kwali guda na tsofaffin bawuloli daga waje, irin waɗanda ake sayarwa a dunƙule babu zaɓe. Da kayan suka iso sai ya ci karo da wata kwalba mai hular ƙarfe a ka, an rubuta 3A3C a jikinta, a ƙasan rubutun kuma ga gargaɗi da Turanci cewa tana iya fitar da hasken eksire. Cikin dare ya ɗauki hotonta ya turo mini.

"Yaya, don Allah duba mini. Wannan abin da nake kwana da shi a ɗaki, ba zai hana ni haihuwa ba?"

Na ce ya kwantar da hankalinsa, kwalbar da ke kwance a kwali gilashi ce da ƙarfe kawai, babu abin da take fitarwa. Ya ce to idan ya jona ta fa? Na ce da bolt nawa? Ya ce taransifomarsa 300 take bayarwa ta kowane gefe. Na ce to ko shekara ya yi yana jona ta, hasken eksire bai san da zamansa ba. Amma tambayar tasa ba ta shirme ba ce, kuma wanda ya buga gargaɗin a jikin kwalbar ba don ado ya buga ba. Akwai iyakar da idan aka tsallake ta, bawul ɗin miƙar da wuta, wato raktifaya irin 3A3C ɗin nan, yakan rikiɗe ya zama ƙaramin injin eksire. Abin da ya kamata mai haɗa kaya ya sani shi ne inda iyakar take, da abin da ke kai mutum gare ta.

Yadda hasken ke samuwa ba shi da wuyar fahimta. A cikin kwalbar da aka zuƙe wa iska, akwai zare ko katod da ake ƙona shi har ya riƙa sakin ƙwayoyin elektron, akwai kuma faranti da ke janyo su. Iya ƙarfin bolt ɗin da ke tsakaninsu, iya gudun da elektron zai yi kafin ya daki farantin. Idan ya daka ya tsaya cak, kusan duk kuzarinsa zafi yake zama, ɗan abin da ya rage ya fita a matsayin haske mai ratsa jiki. Jamusawa suna ce masa hasken birki, kuma sunan ya dace. Da wata kwalba mai kama da wannan, amma marar zare mai zafi, Wilhelm Röntgen ya gano hasken a garin Würzburg a Nuwamban 1895. Bawul mai ƙafa biyu da John Ambrose Fleming ya ƙirƙiro a 1904, wato kakan duk wata raktifaya, da kwalbar eksire mai zare mai zafi da William Coolidge ya fito da ita a kamfanin General Electric a 1913, 'yan gida ɗaya ne. Bolt ne ya raba su, sai kuma siffar faranti.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ba ta da togaciya, wadda Duane da Hunt suka tabbatar tun 1915: ƙwayar hasken da za ta fito ba ta iya fin kuzarin elektron ɗin da ya haife ta. Bolt dubu ɗaya ba zai taɓa ba da hasken da ya wuce na bolt dubu ɗaya ba, kome yawan wutar da ke gudana. Hasken bolt dubu kuwa rago ne, ko iskar ɗaki tana shanye shi cikin santimita ɗaya ko biyu, balle gilashi. A kilobolt 5, wato bolt dubu biyar, gilashi mai kaurin milimita ɗaya yana tare shi ƙurmus. A kilobolt 10, wajen kashi ɗaya cikin ɗari na mafi ƙarfinsa ne ke iya leƙowa waje. A kilobolt 20 kuwa kusan rabin mafi ƙarfin ne ke ficewa. Dubi tazarar nan da kyau. An ninka bolt sau biyu kawai, amma abin da ke isowa fatar mutum ya ninku sau gommai, don ga yawan hasken ya ƙaru, ga katangar ta daina tare shi. Shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta 2013 kan kariya daga tururi mai cutarwa ta fara lissafin na'urorin lantarki daga waɗanda suka haura kilobolt 5, kamfanin Eimac mai ƙera bawulolin gidajen rediyo kuma yake fara gargaɗinsa daga wajen kilobolt 10. Don a samu abin kwatance: ana ɗaukar hoton haƙori da kilobolt 60 zuwa 70, na ƙirji da sama da 100, amma na mama da wajen 25 zuwa 35. Wannan na ƙarshen daidai yake da abin da tsohon akwatin talabijin mai kala ke ɗauke da shi a bayansa.

Sai dai raktifaya tana da wata ɗabi'a da ke rikita mutane, kuma nan ne na fi son a tsaya. A rabin zagayen da take wuce da wuta, bolt ɗin da ke tsakanin katod da faranti ɗan kaɗan ne, 17 ne ko 50 ne a bawulolin amfilifaya. Wuta na gudu, amma babu ƙarfin da zai tunzura ta. A ɗaya rabin, lokacin da take tare wutar, bolt ɗin da ke kanta yakan kai kusan ninki uku na abin da aka rubuta a jikin taransifoma, amma kuma babu elektron da ke tsallakawa, don faranti ba ya saki. Ke nan a bawul mai lafiya, yawan wuta da ƙarfin bolt ba sa haɗuwa a lokaci guda, kamar kishiyoyin da aka raba wa kwana. Hasken eksire kuwa sai sun haɗu yake samuwa.

Ta hanya biyu suke haɗuwa. Ta farko a lokacin tarewa ce. Idan bolt ya kai dubu ashirin ko talatin, duk wani ɗan tsini ko datti a jikin faranti yakan fara feso elektron ko da babu zafi, saboda tsananin jan da ake yi masa. Waɗannan sai su rugo baya da cikakken ƙarfin bolt ɗin, su daki katod ko garkuwarsa ko gilashi. 'Yan kaɗan ne, amma kowanne da ƙarfinsa. Tsohon bawul da ya sha tartsatsi, ko wanda aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa, ya fi yin haka. Hanya ta biyu ta fi ban mamaki, don ta saɓa wa hankalin mai gyara. Mutum zai ɗauka rage wa zare wuta lallaɓa bawul ne. A babban bolt akasin haka ne. Idan zaren bai yi zafi sosai ba, ba ya iya sakin elektron ɗin da ake nema, sai bawul ya ƙi buɗewa gaba ɗaya, bolt ɗin da ya kamata ya wuce zuwa kaya ya taru a kansa. Ga wuta na gudu, ga dubban bolt a tsakani. Daidai yadda kwalbar Coolidge ke aiki ke nan, da zafin zare ake juya yawan haskenta.

Gargaɗin da ke jikin 3A3C ɗin yaron nan yana da tarihi. A 1967 kamfanin General Electric ya sanar cewa akwatunan talabijin masu kala kimanin 90,000 da ya ƙera suna fitar da hasken eksire fiye da kima. Mai laifin ma ba raktifayar ba ce, wani bawul ne da ke kusa da ita, mai daidaita babban bolt. Aikinsa shi ne ya shanye wutar da allon bai ci ba, don kada bolt ya riƙa hawa da sauka. Wato yana tsaye da kilobolt 25 a kansa, wuta wajen miliamfiya ɗaya na ratsa shi, ba hutu, musamman idan hoton ya yi duhu. A nan babu rabon kwana, injin eksire ne sak, sai dai an yi masa garkuwa. A waɗancan akwatunan garkuwar cikin bawul ɗin ta kauce, hasken ya riƙa zubowa ƙasa ta ramukan shan iska. Majalisar dokokin Amurka ta yi doka a 1968, daga 1970 kuma aka ƙayyade cewa abin da akwati zai fitar kada ya wuce rabin milirontgen a awa, a tazarar santimita 5 daga jikinsa. Bayan nan ne aka riƙa fito da bawuloli masu gilashi mai dalma da gargaɗi a jiki, irin su 3A3C da 6BK4C. A Turai ma akwai takwarorinsu, GY501 da PD500, a kulle cikin kejin ƙarfe. Da yawa suna danganta faɗan nan na iyaye, "matsa baya daga gaban talabijin," da wannan tarzoma, ko da yake iyayenmu mata ba su jira Amurka ba kafin su fara korar yara daga gaban akwati.

Inda abin ya yi muni da gaske shi ne wajen na'urorin hango jirage. A 1960 a Lockport ta jihar New York, ma'aikata tara sun sha hasken eksire mai yawa suna gyaran wani babban bawul na sansanin sojan sama da aka kunna babu garkuwarsa ta dalma. A Jamus kuma sai da aka kafa kwamitin ƙwararru, wanda ya miƙa rahotonsa a 2003, kan tsofaffin sojojin da suka yi shekaru suna gyaran irin waɗannan na'urori a buɗe, daga baya ciwon daji ya kama su. Abin da ya haɗa labaran shi ne bolt dubu gommai, da murfin da aka cire don a ga ciki.

To mu dawo kan teburin yaron nan. Taransifoma mai 300 ta kowane gefe, idan kafasita, wato gwangwanin da ke tara wuta, ce ta fara tarbar wutar, abin da bawul zai tare a baya shi ne 300 sau 2.83, wajen bolt 850. Ko an kai 500 ta kowane gefe, 1,400 da 'yan kai ne. Tsakanin wannan da inda gilashi ke fara yoyo akwai tafiya mai nisa. Hatta tukunyar ɗumama abinci ta maikrowef, wadda bawul ɗinta ke aiki da wajen kilobolt 4, ba ta kai ba. Ita kisan da take yi ta hannu ne. Saboda haka wanda ke haɗa amfilifaya ko yake farfaɗo da tsohuwar rediyo ya cire batun eksire daga lissafinsa na zaɓen bawul. Shuɗin hasken da yakan gani a jikin gilashin wasu bawuloli ma ba shi ba ne, elektron ne da suka kauce suka daki gilashi yana ƙyalli. Wanda ya kamata ya dame shi shi ne haske mai ruwan hoda ko shanshanbale a tsakanin faranti da katod, ko kuma tabon azurfar da ke cikin kwalbar ya koma fari kamar alli. Wannan iska ce ta shiga, bawul ya tashi aiki.

Ya tambaye ni ko zai iya sa 3A3C ɗin a amfilifayar, tunda tana jure bolt dubu talatin, ai ta fi ƙarfin aikin. Wannan kuskure ne da ake yawan yi, a ɗauka babban lamba shi ne inganci. A bolt 300 ba za ta cutar da shi ba, amma ba za ta yi masa komai ba. An yi ta ne don miliamfiya ɗaya ko biyu. 1B3GT ma rabin miliamfiya aka rubuta mata. Farantinta na nesa da katod don kada tartsatsi ya tsallaka, wannan nisa kuwa yana cinye bolt. Amfilifaya mai bawul biyu na EL84 tana neman miliamfiya wajen ɗari. Raƙumi ne aka ce ya ja ruwa da cokali.

Zaɓen gaskiya a tsakanin 'yan tsirarun bawuloli yake, kuma kowanne da halinsa. 5Y3 tana cin amfiya 2 a bolt 5, tana ba da miliamfiya 125, tana zubar da bolt 50 zuwa 60 a hanya. Wannan asara ita ce abin da makaɗan gita ke so a ƙananan amfilifayoyin Fender na shekarun 1950: idan aka daki tsirkiya da ƙarfi wuta ta ɗan durƙusa, sannan ta miƙe, sautin ya yi laushi. 5U4GB ta fi ta ƙarfi, tana kaiwa miliamfiya 275, amma zarenta amfiya 3 yake sha. GZ34, wadda Amurkawa ke kira 5AR4, ita ce ta Vox AC30 da Marshall JTM45: amfiya 1.9, miliamfiya 250, asarar bolt 17 kacal, kuma a hankali take ɗumama, saboda haka babban bolt ba ya faɗo wa sauran bawuloli suna sanyi. Ga ƙaramin aiki akwai EZ81 mai miliamfiya 150 da EZ80 mai 90, su kuma bolt 6.3 suke ci.

Matsalar ita ce 5Y3 da 5U4 da GZ34 duk rami ɗaya suke shiga, mai ƙafa takwas. Shiga rami ba shi ne dacewa ba. Ka cire GZ34 ka cusa 5U4, ka ɗora wa taransifoma ƙarin amfiya guda da ba a yi ta don shi ba. Za ta yi ta zafi shiru, sai ranar da warin fenti ya tashi. Ka cire 5Y3 ka sa GZ34, babban bolt ya haura da talatin ko arba'in, tsofaffin kafasitoci su ji a jikinsu. A nan ƙasashenmu da wuta ke wasa tsakanin 180 da 250, janareta kuma ya yi nasa, wannan ƙarin ba abin rainawa ba ne. Wanda ya sayo kayan Amurka na bolt 120 yana jona su ta taransifomar ragewa, shi ma ya auna abin da ke fitowa da mita, kada ya dogara da rubutun jiki.

Abin da ya fi kashe raktifaya a hannun sababbin shiga shi ne kafasitar farko. Mutum ya ji amfilifaya na gurnani, sai ya ce bari ya sa babba, ya ɗauko mai maikrofarad 220 ya liƙa. Bawul ba dayod ɗin silikon ba ne. Kowane zagaye sai ya cika kafasitar cikin ɗan ƙiftawa, iya girmanta iya fizgar da za ta yi masa, katod kuwa yana da iyaka. GZ34 an yanke mata 60, EZ81 50, 5U4GB wajen 40, tsohuwar 5R4GY ma 4 kawai. Aka wuce, sai ka ga walƙiya a cikin kwalba lokacin kunnawa, fiyus ya tsinke idan an yi sa'a. Maganin gurnani cok ne, wato naɗin waya a kan ƙarfe, ko rizista, sannan babbar kafasitar a bayansu. Bawulolin da ake ƙerawa yau, na JJ a Sulobakiya ko na masana'antar Saratov a Rasha ko na Sin, ni dai ba na kai su bakin iyakar da ke takarda. Dabara mai arha ita ce a jera dayod 1N4007 a gaban kowane faranti, ya taya bawul tare wutar baya. Sauti ba ya canzawa, idan kuma bawul ya haɗe ciki taransifoma ta tsira.

Wanda aikinsa ya haura bolt dubu, kamar masu na'urar aika saƙon rediyo, yakan waiwayi 866A mai tururin zaiba, saboda shuɗin haskenta mai ɗaukar ido. Tana tare kilobolt 10, tana ba da miliamfiya 250, asararta wajen bolt 15. Ko a nan ɗin eksire ba shi ne abin tsoro na farko ba. Zaibar ce. Dole a tsayar da ita a miƙe, a ɗumama zare kafin a saki babban bolt, idan an yi tafiya da ita a bar ta ta daɗe tana ɗumama don zaibar da ta fantsama ta koma gindi. Ba ta kuma son zafin da ya wuce digiri 60 a gindinta, wanda a watan Afrilun Sakkwato ko Maiduguri, cikin akwatin ƙarfe, ba wani nisa ba ne. Ta fashe a ɗaki kuwa, an shiga wani aikin. 3B28 mai iskar zenon tana shiga raminta, tana yin aikinta, ba zaiba, ba ruwanta da yanayi. Ni a ganina, a wannan mataki jeren dayod na silikon ya fi duka hankali, sai dai in ado ake nema.

Waɗanda nake jin tsoro a kansu su ne samarin da ke wasa da taransifomar fitilar neyon ko ta bayan tsohuwar talabijin don ganin tartsatsi. Mai kilobolt 15 tana kaiwa 21 a ƙololuwa, idan aka tara a kafasita ta bawul guda, abin da zai tare a baya ya haura 40. A haɗa da tsohon bawul tsirara a kan tebur, zare ana ba shi wuta da batir ba awo, fuska a kusa ana kallo. Duk sharuɗɗan sun cika. Hasken irin wannan bolt ba ya ratsa jiki ya wuce kamar na asibiti, a fata da yatsu da ido yake zubewa, kuma ba a jin komai sai bayan kwanaki. Ƙaramar na'urar Geiger ta kasuwa ma tana iya yin shiru ko ta ba da lamba ƙasa da gaskiya, don bangonta na tare raunanan ƙwayoyin. Na'ura mai siririyar taga ake aunawa da ita. Kejin ƙarfen da masu talabijin suka sa ya isa tare yawancinsa a kilobolt 25, matuƙar yana rufe.

Yaron nan dai EZ81 ya ɗauka daga cikin kwalin, da kafasita mai maikrofarad 47 a gaba, cok, sannan wata 47 ɗin. Da na je ganin aikin sai na tarar ya zare filogi ya kai hannu zai gyara wata waya. Na riƙe masa hannu, na ce ya ɗora mita tukuna. Allurar ta nuna sama da bolt 300, amfilifaya a kashe, filogi a ƙasa.

"Yaya, ai na cire wuta."

Na ce kafasita ba ta san ya cire ba. Miliamfiya talatin ta ƙirji ta isa ta rikita bugun zuciya, abin da ke cikin gwangwanayen nan biyu kuwa ya fi ƙarfin wasa. Muka liƙa rizista mai kilo-om 220, wat 2, a tsakanin ƙafafun kafasitar, muka sake kunnawa muka kashe, muna kallon allurar tana sauka. Sai da ta ci kusan minti guda kafin ta faɗo ƙasa da 30. Ita kuwa 3A3C tana kan kanta a ɗakinsa, kusa da agogo, gargaɗin na fuskantar ƙofa.